Motar Baffa da Adakar Inna

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, na san da yawa daga cikinku kun sha ganin wata tsohuwar mota ruwan goro, mai dogon hanci da kujeru biyu tak, a gindin darbejiyar nan ta bayan ɗakin karatu, musamman ran Jumma'a da safe. Wasu kan tsaya su ɗauki hoto, wasu su yi dariya su wuce, har wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko ni na ƙera ta da hannuna. To, da editan wannan mujalla ya matsa mini in rubuto wani abu, sai na ga gara in ba da labarin motar nan, domin akwai wata magana a cikinsa wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba in ba mutanen gidanmu ba.

Sunan motar Datsun 240Z. Kamfanin Nissan na ƙasar Japan ne ya fito da ita a ƙarshen 1969. A can gida suna kiranta Fairlady Z, a Amurka kuwa, inda aka fi sayenta, aka sa mata wannan suna da na faɗa. Mutumin da ya tsaya tsayin daka wajen tallata ta shi ne Yutaka Katayama, shugaban reshen kamfanin a Amurka a wancan zamani, wanda ya rasu a 2015 yana da shekara 105. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: a ba samari mota mai siffar motocin tseren Turai da gudunsu, amma a kuɗin da ma'aikaci zai iya biya, ta kuma riƙa tashi kullum da safe ba sai an tura ta ba. Aka yanke mata kuɗi kimanin dala 3,500. Injinta mai silinda shida ne a jere, girmansa lita 2.4, daga nan lambar 240 ta samo asali. Kafireta biyu gare ta, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, tana kuwa iya taɓa kilomita 200 a awa. Ba a kan kwalta kaɗai ta yi suna ba, gama ita ta zo ta ɗaya a tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971, ta kuma maimaita a 1973, cikin ƙura da taɓo da gargada irin wadda muka sani.

Yadda ta zo Zariya kuwa, ga shi. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, ya tafi karatun aikin gona Jihar Kansas ta Amurka a 1971. A 1974 ya sayi motar a hannun wani abokin karatunsa, ƙirar 1972. Ya yi sa'a sitiyarinta a hagu yake, tun da Nijeriya ta riga ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu, 1972. Ya sako ta a jirgin ruwa a 1975, sai ta yi daidai da shekarar nan da jiragen siminti suka cushe tashar Ikko, ta shafe watanni tana jiran layi a bakin teku. Baffa kan ce tun daga nan iskar gishiri ta fara cinta. Ya hau ta shekara goma sha biyu. Bayan an karya darajar naira a 1986 kayan gyara suka yi tsada, ran nan a 1987 ta yi zafi a hanyar Funtuwa, gasket ya ƙone. Aka jawo ta gida, aka tura ta rumfar bayan gida, aka ɗora ta a kan duwatsu. Baffa ya ce, "Sai wata mai zuwa." Watan nan mai zuwa bai zo ba har shekara talatin da biyu.

Saboda haka ni ban taɓa ganin ta tana tafiya ba. Na tashi na tarar da ita gidan kaji ce da wurin ɓuyanmu. Mukan zauna a kujerar direba mu yi ƙugin inji da baki, mu je Kano mu dawo kafin a kira mu cin tuwo.

Allah ya yi wa Baffa rasuwa da daminar 2019. A farkon 2020 aka zauna rabon gado. Magada su ne Inna, matarsa, da 'ya'yansa mata uku da ƙanena namiji ɗaya. Ni ɗan riƙo ne, ba ni da kaso, ban kuwa sa rai ba. Da aka zo kan mota sai aka kira 'yan gwangwan, suka zagaya ta, suka ƙwanƙwasa, suka taya naira dubu 120, su sare ta su auna a sikeli. Na ce zan ba da dubu 150. Kowa ya yi murna, malamin da ke rabo ya sa mini albarka, ya ce na kyauta wa mamaci.

A nan ne maganar take, mai karatu. 'Yan makonni kafin wannan zama na karanta cewa a watan Janairu na 2020 an yi gwanjon wata 240Z ƙirar 1971 a Amurka a kan dala 310,000. Na san ta Baffa ba ta kama ƙafar waccan ba, domin waccan kamar jiya ta fito daga kamfani, tamu kuwa kaji sun gama da ita. Amma na san ko a yadda take ta fi kuɗin gwangwan nesa ba kusa ba. Na sani, su ba su sani ba, na kuwa ja bakina na yi shiru. Na ce wa zuciyata ai ceton motar nake yi. Zuciya ba ta rasa fatawar da za ta ba mai ita.

Neman mai gyara ya ci mini wata uku. Samarin kanikawa na yanzu sun ƙware da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, ita kuwa wannan ba ta da ko ramin da za a jona. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a Sabon Gari, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan Datsun zamanin da suke tasi a garin nan. Ya buɗe bonet, ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan ai yayan injin 180B ne, silinda biyu kawai aka ƙara masa. Inji ba ya ba ni tsoro. Kawo tocila mu duba ƙasa." Ya kwanta, ya riƙa soka sukuddireba, tana shigewa kamar a cikin ƙosai.

Ya bayyana mini cewa wannan mota ba ta da shasi dabam irin na a-kori-kura. Bodinta shi ne ƙashin bayanta, in tsatsa ta cinye shi, to, babu abin da zai riƙe inji da ƙafafu. Wuraren da tsatsa ta fi so kuwa sanannu ne: ƙarƙashin batir inda ruwansa ke ɗiga, da daɓen da ake taka ƙafa, da dogayen ƙarafa biyu da suka bi ta ƙarƙashinsa, da bakin ƙofar baya inda ruwan sama ke kwanciya. Duk huɗun sun ruɓe. Wani mai fenti ya ce mu cike ramukan da fila mu fesa fenti, ba mai ganewa. Dattijo ya kore shi, ya ce, "Wanda ya shafa wa gyambo hoda, ƙafarsa yake yi wa ƙarya." Aka samo mai walda mai haƙuri, ya riƙa yanke ruɓaɓɓen wuri, ya auna da kwali, ya lanƙwasa sabon ƙarfe ya liƙa. Wannan aiki kaɗai ya ci wata huɗu da albashina na wata shida.

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Dattijo bai sa masa ƙarfi ba. Ya cire fulogi shida, ya ɗura baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, ya bar shi mako biyu, kullum da safe ya sa sifana ya ɗan girgiza, har ran nan ya saki. Da zai cire kan inji, wanda suke kira tof silinda, sai na ga ya fere wani ɗan katako ya cusa tsakanin sarƙar tayimin. Na tambaye shi dalili, ya ce in ba a tokare sarƙar nan ba, abin da ke ɗaure ta daga ƙasa zai zame, sai an kwance gaban inji duka kafin a mayar. Daga baya na ga masu wannan mota a Amurka da Japan har sayar da irin wannan katako suke yi da sunan kayan aiki na musamman. Da kan injin ya fito muka ga abin da ya kashe motar: na alminiyom ne, ruwan rijiya da aka yi ta zubawa a lagireto ya zaizaye hanyoyin ruwansa.

Kayan gyara kuwa kashi biyu ne. Na cikin inji, irin su gasket da ringi da boris, mun same su a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, albarkacin Laurel da tsohuwar Patrol waɗanda injinansu dangin wannan ne. Wani ɗan kasuwa ya zaro mini kwalin kwantak daga ƙasan kanta, ƙura ta rufe shi, ya ce tun zamanin mahaifinsa yake nan. Amma robobin gilashi da na ƙofa da fitilar baya, dole sai daga Amurka. Ina cikin tara kuɗinsu aka saki naira a watan Yuni na 2023, kafin in ankara dala ta haura naira dubu. Can ƙasashen ba su sha wannan wahala haka, domin sun mai da abin sana'a. Tun a 1996 Nissan ta sayo tsofaffin 240Z a Amurka ta gyara ta sake sayarwa. A 2017 Mazda ta fara karɓar MX-5 ƙirar farko tana sabunta wa masu su a Japan, a shekarar kuma Nissan ta koma ƙera kayan tsohuwar Skyline GT-R, Toyota ta biyo baya da na Supra da 2000GT.

Abin da ba zan manta ba shi ne ranar saita kafireta. Guda biyu ne, kowace tana ciyar da silinda uku, dole kuwa su ja iska daidai da juna, in ba haka ba inji ya riƙa ɗingishi. Kowace tana da ɗan murfi a ka inda ake ɗiga mai, domin abin da ke cikinta ya riƙa ɗagawa a hankali in an taka totur. Dattijo ya ɗauko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan a bakin kafireta, ya saurari shewar iska, ya koma ta biyu, ya ɗan juya sukuru, ya sake saurare. Ya yi haka kusan awa guda, idonsa a rufe, har muryoyin biyu suka zama ɗaya. Wata Asabar ce ta watan Nuwamba, 2023. Na yi tsalle na ce, "Baba, mun gama!" Ya goge hannunsa ya ce, "Yanzu ka fara. Gyara na kwana ɗaya ne, riƙo shi ne aiki."

Ya kuwa zayyana mini sharuɗɗan riƙon, na rubuta. Kada ta yi mako ba ta yi tafiyar da inji zai ɗau zafi sosai ba, gama zama ya fi tafiya kashe mota: robobi su bushe, fetur ya daskare a kafireta, birki ya kama. A canja baƙin mai duk wata shida ko da ba ta je ko'ina ba. A zubar da man birki duk shekara biyu, domin yana shan danshi daga iska, danshin kuma ya ci bututu daga ciki. Kada ruwan rijiya ya ƙara shiga lagireto, sai ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba. Kada a lulluɓe ta da leda, domin leda na tara gumi. A sa ido kan ɓeraye, su da waya ba su ga maciji. Da na dubi takardar sai na gane ba ƙonewar gasket ce ta kwantar da motar Baffa ba, wannan aikin mako guda ne. "Sai wata mai zuwa" ce ta kwantar da ita.

Saura rajista, wadda na ɗauka ita ce mafi sauƙi. Kowace ƙasa da yadda take ɗaukar tsohuwar mota. A Japan ana kai mota babban bincike duk shekara biyu, in kuma ta wuce shekara 13 harajinta ƙaruwa yake yi. A Ingila in ta cika shekara 40 ana yafe mata harajin hanya. Amurka kuwa tana barin a shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarta ba in ta kai shekara 25, shi ya sa motocin tseren Japan na da suke ta kwarara can. Ni dai layi ɗaya na bi da masu sababbin motoci. Lambar Baffa ta daina aiki tun da aka sauya tsarin lambobi a 1992. Aka lissafa mini abin da zan kawo: takardar biyan kuɗin kwastan, da tsohuwar rajista, da shaidar mallaka, da shaidar lafiyar mota, da inshora, wadda mafi ƙarancinta ya koma naira 15,000 a farkon 2023.

Tashin farko kwamfuta ta ƙi motar. Tun 1981 aka daidaita lambar shasi ta zama haruffa da alƙaluma 17, tamu kuwa HLS30 ce da alƙaluma biyar, goma ke nan. Yaron da ke bugawa ya ce in ƙara sifiri bakwai mu huta. Wani jami'i mai furfura ya hana, ya fito da kansa ya duba inda aka buga lambar a jikin ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba, ya gwada da ɗan allon da ke cikin bonet, ya ce zai rubuta a shigar da ita yadda take. Sa'an nan ya ce, "Malam, ina takardar kwastan?"

Na koma gida na birkice ɗakin karatun Baffa. Gara ta riga ni. Fayil-fayil sun zama ƙasa. Na zauna a tsakar gida na yi tagumi, shekara huɗu da duk abin da na mallaka sun tafi a kan motar da ba za ta hau titi ba. Inna ta tambaye ni, na gaya mata. Ba ta ce kome ba, ta shiga ɗaki, ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi a cikin tsohon zane, yana ƙanshin kafur. Ga rasiɗin kwastan na 1975, ga takardar jirgin ruwa, ga shaidar mallaka ta Kansas, ga lasin na kowace shekara har 1987. Inna ba ta yi boko ba, ba ta san abin da ke rubuce a ciki ba. Ta ce, "Ya ce in riƙe, na riƙe." Mu masu digiri muka bar wa gara namu.

Na kai wa jami'in ina rawar jiki. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya jinjina kai, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Wannan sunan mai mota ne. Kai kuma wane ne, ta yaya ta zo hannunka?" Ya ce sai na kawo takardar ciniki mai ɗauke da farashi da sa hannun magada duka da shaidu, in kuma haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Na san in na kai musu takarda za su sa hannu ba tare da sun karanta ba, kamar yadda Inna ta miƙo mini ƙunshin nan ba tare da ta tambayi kome ba. Wannan ne ya hana ni barci. Na tuna mai fentin da dattijo ya kora. Ashe ni ma fila na shafa tun 2020, na fesa fenti a kai.

Ran Jumma'a bayan la'asar na tara su, na faɗi abin da na sani ranar rabo da abin da na ɓoye. Ɗakin ya yi tsit. Ƙanena ya miƙe ya ce, "Yaya, da kai da 'yan gwangwan, ashe su suka fi gaskiya, su iyakar saninsu suka taya." Ya fita. Inna ta daɗe tana kallon tabarma, sa'an nan ta ce, "Na ga hannunka yana rawa ranar da kake ƙirga kuɗin nan. Na ɗauka kewar Baffanka ce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babbar yayarmu ce ta kawo mafita, aka kira malamin da ya yi rabo ya rubuta. Mota ta zauna da sunana, tun da ni na tashe ta. Ba zan sayar ba sai da saninsu. Ranar da aka sayar kuwa, in cire abin da na kashe, ragowar a raba wa magada yadda shari'a ta tsara. Kowa ya sa hannu, Inna ta dangwala yatsa. Ƙanena ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinsa ba. Lamba ta fito da daminar 2024. Ranar da na ɗaura ta, Inna na fara ɗauka, muka zagaya har Shika muka dawo. Ba ta yi magana ba sai da muka tsaya, ta shafa dashbod ta ce, "Haka take kuka." Yanzu mukulli biyu ne, ɗaya yana hannun ƙanena, shi ke fita da ita ran Asabar, ya ma fi ni kiyaye sharuɗɗan dattijo.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Na yarda, amma ni sai da na kai teburin rajista na gane cewa tambayar ita ce, wane ne mai shi? Ƙarfe yana gyaruwa da kuɗi da haƙuri da kunnen gwani, takarda kuwa tambayarka take yi ta ina abu ya zo hannunka, kuma ba a yi mata walda. Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai wata tsohuwa a rumfar gidanku, ko Datsun ce ko Celica ko Mazda, kada ka bari a kai ta sikeli kafin ka bincika. In ka bincika kuwa, ka faɗa wa masu haƙƙi abin da ka gano tun kafin ka taya. Ka nemi dattawan kanikawa tun suna raye, ka zauna kusa da su da littafi da alƙalami. Ka kuma tambayi tsofaffin gida abin da ke cikin adakarsu.

Allah ya ji ƙan Baffa, ya saka wa Inna da alheri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana, amin.